Abin da Sanyi Ya Bari

Daren da ƙanƙara ta sauka a gonarmu ta Ilabe
ban yi addu'a ba.
Na tsaya bakin kunya da fitila a hannu,
ina kallon ganyen dankali yana komawa baƙi
kamar an bi shi da wuta.
Wata uku ke nan da binne Saturnino,
bashin iri na nan a littafin mai kanti,
yara biyu suna tari a ɗaka.

Na ce da Ubangiji: Kana ƙirgawa kuwa?
Miji, sa'an nan gona.
Saura me? Faɗa mini in kawo da kaina.

Lahadi ta zo, ban je coci ba.
Ƙararrawa ta kira, ta sake kira,
iskar Titikaka ta kawo muryarta har ƙofa,
na ja bargo na toshe kunne.

Da kaka ta yi, abin da muka tona
bai fi ƙwan tattabara ba, ga ɗaci.
Na ce a zuba wa aladu.
Surukata Eleuteriya, wadda ɗanta ne a ƙasa,
ba ta ce uffan ba.
Ta ƙulle shi a mayafi, ta goya,
ta hau tudu da ƙafarta mai ciwo,
ni kuwa kunya ce kawai ta sa na bi ta.

Can sama, inda numfashi ke tsada,
ta baza shi kan busasshiyar ciyawa.
Na ce, Inna, sanyin nan ne fa ya kashe mu.
Ta ce, Shi ɗin nake jira.

Kwana uku.
Dare ya mai da shi dutse,
rana ta narkar da shi,
dare ya sake kamawa.
Da asubar na huɗu muka tuɓe takalma.

Ban taɓa jin zafi irin na sanyin nan ba.
Muna takawa, ruwan ɗaci yana fita ta tsakanin yatsu,
ɓawo yana saɓulewa,
ita tana rera wata waƙar Yesu cikin Aimara,
ƙasa-ƙasa, rabi ma ta manta.
Ni takawata ta fushi ce,
kowane dankali da sunan da na sa masa:
wannan tarin da ya ci mijina,
wannan mai kanti,
wannan kuma, Allah Ya gafarta mini, Shi ne.

Sai na ji ina kuka.
Ba ta rarrashe ni ba, ba ta daina takawa ba.
Ta ce, Ni ma na yi faɗa da Shi,
shekarar da kogi ya tafi da ƙanena.
Yi faɗanki, 'yata.
Wanda kike wa faɗa, ai bai bar gidan ba.

Cunyo muke ce masa.
Baƙi ne, a yamutse, ba nauyi,
ba wanda zai gan shi ya yi sha'awa.
Amma ɗanyen dankali wata nawa yake yi?
Wannan sai ya shekara goma a buhu,
ko ƙwaro ba ya kula shi.

Shi muka ci da damina, lokacin da rumbu ya yi shiru.
Na jiƙa, na dafa da albasa da ƙashin tunkiya ɗaya,
autana ya suɗe kwano ya miƙo a ƙara.

Ban ce na gane ba.
Har yau in na tuna Saturnino
akwai tambayar da ke tsaye mini a wuya.
Bashin ma saura rabi.

Sai dai ran Lahadin nan na wanke ƙafa,
na shafa wa faso kitse,
na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa.
Ban yi waƙa ba.
Na dubi wanda ke kan gicciye,
ban kai ga fuskarsa ba,
ƙafafunsa na tsaya kallo.

Da aka miƙo gurasa,
sai na tarar hannuna a buɗe yake.