Gurbi Na Tara

An dawo mini da takardu shida yau,
jan biro a gefensu kamar tsagar wanzami.
Malam Wakili na ofis ko kai bai ɗaga ba:
"Abin da ba a rubuta ba, Nas Dudu, ba a yi shi ba.
Abin da ba a yi ba, wa zai biya?"

To.
Ashe ban je Rumde Aja ran Talata ba.
Babur ne ya sha mai don nishaɗi,
ranar Garwa ta dafa ƙeyar wata ce daban,
ƙafar Baba Hamajoda kuwa aljanu suka wanke.

Na ce gyambon ya kai bakin ludayi.
Santimita ake so, tsawo da faɗi da zurfi.
Na sa lokacin shiga, na bar na fita,
don ana kiran la'asar ina riƙe da tasa yana amai,
agogo na ƙasan jaka.

Sai gurbi na tara: sa hannun majiyyaci.
Baba masunci ne.
Shekara hamsin igiyar koma tana cin yatsansa a Binuwai
har ta lashe zanen tas.
Na shafa tawada, na danna,
ya fito baƙi sumul kamar bayan tukunya.
Wakili ya ce wannan ba mutum ba ne, tabo ne.

Akwai gurbin zafin jiki, akwai na sukari,
bandeji nawa, auduga nawa.
Babu gurbin lallashin da na yi
kafin ya yarda da kunun da ba zaƙi,
yana cewa gara a ba shi ruwan wanki.
Babu na jikarsa Asta, 'yar aji shida,
da na koya wa tafasa almakashi,
hannunta na rawa, tana cije leɓe.

Amma kada in ci amanar takarda.
Makon da zazzaɓi ya kayar da ni
aka tura wani yaro sabon fitowa,
bai san gidan ba sai da kwatance.
Littafina ya buɗe, ya ga inda na ja layi biyu:
allurar nan tana kumbura masa maƙogwaro.
Ya mayar da kwalbar cikin jaka.
Ina kwance ina rawar sanyi,
rubutuna yana can yana aiki.

Shi ya sa nake zaune yanzu, an ɗauke wuta,
tocila a haƙori, sauro a idon sawu,
ina mayar da ludayi santimita.
Shida da huɗu. Zurfi, ɗaya da rabi.
Na sayi rula a kasuwa, dala ashirin,
ba ta cikin abin da ake biya.

Kuɗin ziyarar Talatar nan
sai bayan wata uku suka faɗo a waya,
jaka biyu da rabi,
ina tsaye a ƙofar gidan ana rabon sadakar arba'in.
An biya ni wankin ƙafar da ƙasa ta riga ta karɓa.
Na zuba mai da rabi. Sauran na sa a faifan sadaka.

Saura takardar rufe fayil.
Ita ma da gurbinta na tara.
Na tsaya da tawada a hannu kamar wawuya,
sai Asta ta ce, kawo.
Ta durƙusa, ta dafa takardar a kan turmi,
ta jera sunanta harafi bayan harafi
har wutsiyarsa ta tsallake layi
ta faɗa gurbi na goma, inda aka ce kada a rubuta komai.

Da safe na ajiye a gaban Wakili.
Ya duba. Ya cire murfin jan biro.
Fanka tana juyawa, takardu na ɗaga kunne.
Ya tambaya, shekararta nawa?
Na ce sha biyu.
Ya daɗe yana neman murfin da ke hannunsa,
sannan ya jawo hatimi.