Kwana Goma Sha Bakwai

Daga gidanmu na kan dutse zuwa Covilhã
kwana goma sha bakwai ne, ba na barci ba,
na hanya, masu lanƙwasa kamar lauje.
Duk Asabar nakan sauko da cukwin tumakin innata,
motar tana rusunawa a kowace kwana
kamar mai gaida surukai.

Na gaji da wannan ladabi.
Na ce wa Amílcar, tsohon makaniki mai yatsa tara:
"Sa mini sifirin mai taurin kai,
da sanda mai kauri a gaba,
wadda ke ɗaure ƙafar dama da ta hagu."

Ya goge hannu da tsumma, bai ɗago ba.
"Nauyi ba ya mutuwa, Telmo, ƙaura yake yi.
In ka hana jiki karkata, taya ce za ta biya bashin."
Amma ya ɗaura. Ai kuɗina ne.

Ranar farko, baki har kunne.
Ina taɓa sitiyari ta amsa,
tsaye ƙyam, ba tangaɗi, ba jan jiki.
Sai titin duwatsu na bakin coci:
haƙorana suka kama kiɗa,
kowace tsakuwa ta aiko gaisuwa har ƙashin bayana,
cukwi biyu suka tsage a kwando.

A kwana ta tara an yi yayyafi.
Na murɗa hagu, hancinta ya ce miƙe.
Tayar gaba ta waje, da aka labta wa kayan kowa,
ta yi kuka, ta saki kwalta.
Katangar makiyaya ta taho gare ni
har na ga gansakukar jikinta.
Taki ɗaya ya rage.

Amílcar bai ce "na faɗa maka" ba.
Ya shiga ƙarƙashi da sifana a baki,
ya sauya ta gaba da siririya,
ya ɗan ƙarfafa ta baya, kaɗan,
"don in ta yi yawa, wutsiya za ta riga ka shan kwana,
ta ɗaga ƙafa kamar kare a gindin itace."
Sifirin kuwa, ya zaɓo mai jin magana.

Yanzu tana rusunawa, ba har ƙasa ba,
daidai yadda ƙuguna zai ji gargaɗi
kafin taya ta gaji.
Innata ta ƙirga kuɗin cukwi jiya,
ba ta tambayi komai ba.