Ɗakin Kwalayen Ƙwai

A Tudun Wada, bayan rumfar mai faci,
akwai ɗakin da muka liƙe da kwalayen ƙwai
don kada ihu ya tsallaka katanga.
Nan na kai gitarka, Nafi'u,
wata goma sha ɗaya bayan kududdufin kuza na Rayfield
ya haɗiye ka, ya mayar mana da takalmi ƙafa ɗaya.

Tsirkiya ta uku ta yi tsatsa.
Ban canja ta ba.

Mutane sun ce haƙuri.
Sun kawo shi a kwano, sun aiko shi ta waya,
na yi ta haɗiya har ya tsaya mini a maƙoshi
kamar ƙayar kifi.
Dalyop kuwa bai ce uffan ba.
Ya zauna bayan gangunansa, ya ƙirga huɗu da sanduna,
ya sauke su kamar mai fasa dutse
da aka hana kuɗin jiya.

Na murɗa na'ura har ƙurya.
Sautin ya fito da kaushi, da datti,
kamar ana jan kwanon rufi a kan kwalta.
Na ce, ashe nan muryata ta ɓuya.

Waƙar farko faɗa ce zalla.
Na yi wa ruwa faɗa,
na yi wa ramin da aka haƙa aka kwashe aka tafi aka bari,
na yi maka kai ma,
da ka ce "yanzu zan dawo"
ka bar shayinka a bakin taga
har ya yi fata.

Ta biyu da ta uku ban tuna yadda aka yi su ba.
Na dai tuna sanyin Jos yana cizon yatsu,
da ɗigon jini a wuyan gita,
da yadda ban ji zafi ba sai da gari ya waye.

Ta huɗu mun maimaita sau goma sha bakwai.
Kullum wuri guda murya ke tsagewa,
daidai inda sunanka yake.
Nanret ta jingine gitarta mai kaurin murya,
ta goge fuska da gefen riga, ta ce,
"Bar ta a tsage. Haka za mu ɗauka."

A tsakiyar ta shida wuta ta ɗauke.
Janareto ya karɓa da tari,
ana jin sa a faifan har yau,
tsoho mai asma a bayan kiɗa.
Mun bar shi. Shi ma ya wahala.

Ta tara ba ganga, ba ihu.
Tsirkiya ɗaya ce, mai tsatsar nan,
da numfashina.

Da faifan ya fito na ɓoye wa Inna.
Kiɗan rok, a wurinta, aikin waɗanda kansu ya kwance ne.
Sai ran wata Laraba na dawo daga Farin Gada
na tarar tana feraye dankali,
wayar ƙanwarmu a kan turmi tana ruri.
Na tsaya a ƙofa da buhu a kafaɗa.
Ba ta ɗago ba.

"Wannan ai hayaniya ce," in ji ta.
Wuƙa ta ci gaba da zagaye dankali,
ɓawo yana sauka, dogo, bai tsinke ba.
Can ta ce, "Maido mini ta huɗun."

Muka saurara, ni a tsaye, ita a zaune.
Da aka zo inda murya ta tsage
ta faɗi sunanka, cikakke,
ta ƙarasa abin da na kasa.

Ban ce na warke ba, Nafi'u.
Har gobe ina kauce wa hanyar Rayfield idan hadari ya haɗu.
Amma ina barci yanzu, wani lokacin har asuba.
Jiya na sayi sabuwar tsirkiya a Terminus.
Tsohuwar na naɗe ta zobe,
tana aljihun hagu,
tana ɓata mini riga da tsatsa.