Layi Huɗu a Jarida

Da hantsi na isa babbar kotu,
na jingine babur a gindin darbejiya.
Mai buga takardu yana kan bencinsa,
injinsa ya girme ni, haƙoransa sun zube.
Bai ɗaga kai ba ya ce, "Wanne za a cire?"
kamar mai faci yana tambayar ƙafar da ta sace.
Na ce, Haladu Mato nake a takarda,
Haladu Sambo aka raɗa mini ranar suna.

Mato kawuna ne.
Shi ya ja ni firamare ta Ƙofar Ran
da wandon da aka rage daga nasa.
Malam ya ce in ɗora hannu bisa kai in taɓo kunne,
na taɓo. Ya ce, "Ɗan wa?"
Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Rubuta nawa."
Ba sata ya yi ba.
Layi ya yi tsawo, rana ta take,
kuma daga aljihunsa kuɗin alli zai fito.
Tawada ta bushe kafin mu kai gida,
shekara arba'in da ɗaya tana bin bayana.

Sambo kuwa rijiya yake haƙa a Zungur.
Sha bakwai ya gama,
ta sha takwas ta rufta da shi ina goye.
Ba shi da hoto. Ko dangwale bai taɓa yi ba.
Amma je ka Zungur da ƙishirwa ka gani,
yaron da bai iya ɗaura zariya ba
zai nuna da baki ya ce, "Ga rijiyar Sambo can."
Gari ya riƙe shi, guga ta riƙe shi,
ni da ya haifa na rasa shi a aljihuna.

Da na bar zancen,
sai Zuwaira ta zo da takardar jarrabawa,
tana cizon biro ta ce,
"Baba, wane ne Sambon da kake wa addu'a,
tunda Mato ne kakana?"

To, na rantse gaban mai hatimi,
ya buga ja, ya karɓi nasa.
Ofishin katin ɗan ƙasa suka ce na'ura ta ɗauke,
dawo Talata. Na dawo. Dawo wata Talatar.
A banki yarinya ta dubi allo ta dube ni,
ta ce, "Baba, ai mutum biyu ne a nan."
Na ce, 'yata, da ma haka muke zaune,
yau ne kawai allo ya gane mana.

Abin da ya rage shi ya fi nauyi.
Kwana shida jarida na naɗe a hammata
kafin na iya shiga lungun Jahun.
Kawu na zaure, idanunsa sun tafi,
ya gane ni da ƙarar takalmi.
Na yi ta gaisuwa, har awaki na tambaya.
Ya ce, "Me ke kuka a hammatarka?"
Na faɗa, kaina a tabarma.

Ya daɗe yana murza goro a magogi.
Ya ce, "Ka yi nawa, Haladu.
Rigar zuwa makaranta na ara maka,
ban ce ka tsufa a cikinta ba.
Karanta mini."
Na karanta, layi huɗu ne tsakanin tallan fili da cigiya,
har inda aka ce duk takardun baya suna nan daram.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, "To, ni ne takardun baya,
kada ka manta da cefanen Juma'ana."

Yanzu in an miƙo mini biro
hannuna yakan fara zana Mato,
kamar jakin da ya saba da ƙofar tsohon gida.
Ba na dukansa.
Nakan bar shi ya ɗan tsaya ya shinshina,
sannan in ja akalarsa a hankali
zuwa bakin rijiyar ubana.