Bakwai, Biyar, Sifili

Ƙarfe ɗayan dare a Garwa,
fanka na tuƙa zafi kamar tuwo,
ni da Sali a shagonmu na Yelwa,
shayi ya huce, ba wanda ya kula.

Mun yi hayar rumbu a cikin gajimare,
a ƙasar da ƙafata ba ta taɓa takawa ba,
muka ɗaura shi jikin sabar ƙungiya
don rasit ɗin manoman auduga,
na Pitowa, na Gashiga, na Lagdo:
kilo nawa, sefa nawa, wa ya dangwala yatsa.

Rumbu ya zauna, na ga faɗinsa a allo.
Na ce wa manhaja, zuba.
Ta dawo da kalma biyu: ba izini.
Na sake. Ba izini.
Ni na biya, sunana ke kan takarda,
ga ni ina sallama a ƙofar ɗakina.

Sali ya ce, "Maigida, ba shi bakwai uku,
kowa ya shiga, kowa ya rubuta, mu je mu kwanta."
Na ce, yaro, don mabuɗi ya ƙi juyawa
sai ka cire ƙyauren ka jingine a titi?
Akuya ma ta san rumbun da ba murfi.

Na jero jakunkuna, kowace da mai ita.
Ashe duk na Tushe ne,
shi ya ɗaura, shi aka rubuta wa.
Inji kuwa bai san manhajarmu da suna ba,
lamba ya sani, talatin da uku,
'yar aike tsaye a bakin zaure.

Na ari rawanin Tushe na minti ɗaya.
Na ce, daga ƙofar nan har ƙurya
mallakar talatin da uku ce.
Bakwai gare ta, ta shiga, ta karanta, ta rubuta.
Biyar ga 'yan ƙungiya, su duba, ban da alƙalami.
Sifili ga mai wucewa.
Na tuɓe rawanin da sauri,
don na ji ya fara yi mini daidai.

Rasit na farko ya faɗa ciki:
Hamajoda Wabi, kilo ɗari huɗu da sha biyu.
Sali ya tafa. Ni ban tafa ba,
ba a yabon ginin da bai ga damina ba.
Na kashe sabar, na tashe ta.

Ƙofa na nan. Rumbu babu.

Ashe ban sa shi a littafin
da take dubawa in ta farka ba.
Layi ɗaya tak.
Na rubuta, na karanta sau uku da yatsa,
na sake kashewa. Ta tashi da kayanta.

Manyan motoci sun fara gurnani a gadar Binuwai,
Sali ya yi barci, kunci a kan teburi.
Ran Alhamis Hamajoda zai zo a kekensa
ya tambayi kuɗin audugarsa,
a duba, a ga sunansa, a ƙirga masa.
Ba zai taɓa jin labarin Tushe ba.
Na ɗumama shayin, na sha ni kaɗai.