Jan Zare

A birnin nan na bakin teku mai sanyi
ba a kulle ƙofa.
Ɓarawo na ƙarshe ya mutu tun ina 'yar shekara tara.
Jirgin ƙasa yakan iso ƙarfe shida daidai,
ko ƙanƙara ba ta isa ta tsayar da shi ba.

Ni ce Ausma, lamba dubu huɗu da sha biyu,
mai ɗinka kwat a masaƙar Hukuma.
Launin toka, maɓalli biyar, aljihu ɗaya.
Gobe ma haka.

Kada ku ce ban san darajar wannan shirun ba.
Na ga shekarar da aka ƙone gadar kogi,
mahaifina, Guntis, ya fita neman burodi
aka dawo mana da hularsa kawai.
Wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin gado yana ƙirga harbi
ba ya raina layin karɓar miya.
Yanzu kowa na ci, kowa na barci,
mafarki kuma a kai rahotonsa ranar Litinin.

Amma akwai wani jan zare
da na warware daga mayafin kakata.
Cikin shafin kowace kwat, daidai saitin zuciya,
nakan yi ɗinki uku da shi.
Uku kacal. Ba saƙo ba ne, ba tawaye ba.
So nake in san hannuna ya bi ta nan.

Jiya mai duba aiki, Modris, ya juya kwat ta ɗari da bakwai.
Ya daɗe yana kallo.
Kekuna suka ci gaba da taunar yadi.
Ya ciro ɗan almakashi, ya tsinke zaren,
ya rubuta a littafinsa: babu aibi.
Sai dai bai jefa shi a kwando ba.
Ya naɗe shi a ɗan yatsa, ya sa safar hannu a kai.

Da yamma na tsaya a tasha cikin mutum dubu masu kama ɗaya,
ƙanƙara na sauka a kafaɗunmu daidai wa daida.
Ban sani ba ko cikin dare za a zo a ƙwanƙwasa;
ƙofar ma ai ba ta da sakata.
Zaren da ya rage bai fi taƙi ɗaya ba.
Na riga na zura shi a allura.