Jirgin Litinin

Kwana tara takardar nan tana aljihuna.
Ta sha gishirin iska, ta sha ƙarnin kifi,
kusurwarta ta lanƙwashe kamar kunnen tunkiya.
Gida biyar aka zana a cikinta,
kowanne na jiran sunan darasin da zan ɗauka baɗi.
Na cika uku. Biyu sun zuba mini ido
kamar tagogin gidan da masu shi suka yi ƙaura.

Makarantarmu ta nan Whalsay a aji huɗu ta tsaya.
Mai son gaba sai ya hau jirgin ruwa
ran Litinin, tun duhu bai naɗe tabarmarsa ba,
ya kwana huɗu a Lerwick kan gadon da ba nasa ba,
ya dawo Juma'a da jakar wanki
da wata sabuwar magana da kaka ba ta ganewa.

Mu goma sha ɗaya ne a aji.
Na san tarin kowa, ba sai na waiwaya ba.
Osla ce mai taune murfin biro,
Magnie ne mai barci ido buɗe a darasin tarihi.
A can, an ce sun fi ɗari.
Wa zai san ni ne Lowrie,
wanda muryarsa ke maƙalewa in an kira shi gaban allo?

Baba bai ce kar in tafi ba.
Ya dai ce jirginsu na neman yaro bana,
ya faɗa yana duban igiyar da yake ƙullawa.
Inna kuwa tuni ta sayi akwati,
ta tura shi bayan injin wanki, wai ban gani ba.

Dare uku ban runtsa ba.
Lissafi nake yi, amma ba na littafi ba:
in na ɗauki ilimin sinadarai na faɗi fa?
In na bar shi, ƙofa nawa na rufe da hannuna?
A watan nan ƙarfe uku rana ke sallama,
sauran duk duhu ne, da iska mai dukan rufi,
da ni, da takarda.

Ran Laraba Malama Isbister ta tare ni a baranda.
Na sa hannu a aljihu, na shirya ƙarya.
Sai ta ce, "Ka karya?"

Ta kai ni ɗakin da ke bayan laburare,
mai kujeru biyu da butar shayi da tsohuwar taswira.
Ta turo mini burodi da man shanu,
ba ta ce uffan kan takardar ba har na share faranti.
Sannan ta ce ita ma ta hau jirgin nan tana sha shida,
ta yi kuka tun daga tashi har Laxo,
wani matuƙi ya ba ta hankici mai warin dizal,
har yau bai karɓi abinsa ba.

"Da fensir za ka cika," in ji ta.
"Abin da fensir ya rubuta, kai ke da shi,
ba shi ke da kai ba.
Kuma ka yi barci. Wannan ma aikin gida ne."

Da yamma na miƙa wa Baba.
Sai da ya goge hannu a wando kafin ya karɓa.
Ya daɗe a kanta, leɓensa na motsi.
Ya ɗora yatsa kan gida na huɗu, ilimin ƙasa,
ya ce, "Nan ake koyon inda iska ke fitowa?
In ka gano, ka zo ka faɗa mini."
Ya mayar mini, da tambarin babban yatsansa a gefe.

Gida na biyar har yanzu fari ne.
Sha biyun dare wayata ta yi haske,
Osla ce: "Kai ma idonka biyu?"
Na rubuta mata, "Kina da fensir?"
Na kife wayar, na ja bargo.
Can ƙasa a bakin gaɓa
jirgin na ta goga kafaɗa da katako,
yana jiran Litinin ɗin da ba ta zo ba tukuna.